3.2 Daidaiton Dindindin a Lissafin Kusurwa

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan daidaiton dindindin, wato daidaiton da yake tabbata ko wace kusurwa aka ɗauka. Mafi shahara daga cikinsu shi ne sin²A + cos²A = 1.

A alwatika mai kusurwar digiri 90, ana samun sayin na kusurwar A idan aka raba tsawon gefen da ke fuskantar A da na gefe mafi tsawo. Kosayin kuwa, ɗaya gajeren gefen ake rabawa da mafi tsawon. Misali, a ɗauki alwatika mai gefuna 3, 4 da 5, inda A take fuskantar 3. Sayin zai kasance 3/5, kosayin 4/5. Idan aka ninka kowanne da kansa aka haɗa, za a sami 9/25 + 16/25 = 1. Tushen wannan shi ne ƙa'idar Pitagoras.

Amfaninsa shi ne, da zarar an san sayin na kusurwar da ba ta kai digiri 90 ba, za a iya fitar da kosayin ba tare da awo ba.

Amma sinA = 1/2 daidaito ne kawai, domin a irin waɗannan kusurwoyi digiri 30 kaɗai yake cika shi. Don haka wajibi ne mai fassara ya bambanta su, in ba haka ba ɗalibi zai ɗauki biyun a matsayin abu guda.