Ciwon Baya a Garin da Rana ba ta Yankewa

A Arlit, in saurayi ya ce bayansa na ciwo, amsar a bakin kowa take: aiki ne. Ba a ga laifin masu faɗar haka ba, domin tun da kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971 garin ya ginu a kan ɗaukar nauyi da jijjigar manyan motoci. Amma akwai wani ciwon baya da halinsa ya saɓa wa na gajiya. Yakan kama mutum kafin ya kai shekara 45, ya wuce wata 3 bai tafi ba, ya tashe shi cikin sulusin dare na ƙarshe. Da asuba kwankwaso ya sandare fiye da rabin awa, ruku'u ma sai da dabara. Kwanciya ƙara shi take yi, motsi kuwa ya sassauta shi. Wannan amosanin ƙashin baya ne, inda garkuwar jiki ke kumbura mahaɗar ƙugu da gadon baya, in an bar shi shekaru gaɓoɓin su manne. Wani har ido yakan yi masa ja da zafi.

Likitoci a ƙasashe da dama sun lura cewa masu wannan cuta sukan kasance da ƙarancin bitamin D a jini, kuma sau da yawa waɗanda nasu ya fi ƙasa su ne ciwon ya fi matsa wa. Mai karatu zai ce ina ruwan Arlit da wannan, garin da rana ke ƙona dutse? Fata ce ke haɗa bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye, sannan hanta da ƙoda su sarrafa shi. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo fiye da fara. To dubi yadda ake rayuwa: rawani da amawali sun rufe fuska saboda ƙura, mata suna cikin gida, zafi ya kori kowa zuwa inuwa. Ma'aikatan kamfanin yuraniyom na COMINAK a Akokan kuwa, har aka rufe mahaƙar a watan Maris na 2021, a ƙarƙashin ƙasa suke aikinsu, zurfin mita kusan 250.

Sai dai a yi hattara da masu tallar ƙwaya. Bincike bai tabbatar da cewa rashin bitamin D ne ke haddasa cutar ba. Mai yiwuwa ma ciwon ne ke zaunar da mutum a ɗaki har ya rasa rana. Amfanin cike giɓin yana wajen ƙashi, don wannan cuta tana raunana shi har ya riƙa karyewa cikin sauƙi. Yawan shan bitamin ɗin kuma yakan tara sinadarin kalsiyam a jini, ya jawo tsakuwar ƙoda. Gwajin jini ne ke raba gardama, kuma galibi ƙasa da nanogram 20 a mililita ake ɗauka ƙaranci. Kifin gwangwani, gwaiduwar ƙwai da hanta suna taimakawa kaɗan.

Maganin cutar kanta motsa jiki ne kullum, da barin taba, da maganin kumburi bisa umarnin likita. A yankin Agadez dole likitan ya fara kawar da wasu abubuwa biyu masu kama da ita, wato tarin fuka da ya shiga ƙashin baya, da zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyar madarar raƙuma da awaki, kuma kowannensu maganinsa daban ne.