Taskokin siyasar Arewa da ɗalibai ke wucewa ba su leƙa ba

A ranar 9 ga Maris, 2020, da gwamnatin Jihar Kano ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi II, kafin faɗuwar rana shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp sun cika da labarin kakansa, Sarki Muhammadu Sanusi I, wanda shi ma ya bar gadon sarauta a 1963 aka kai shi Azare.

Wasu suka ce saɓani ne tsakaninsa da Sardauna. Wasu suka ce batun kuɗin En'e ne. Da aka mayar da jikan kan karaga a watan Mayun 2024, gardamar ta sake tashi, kowa na ja da ƙarfi, amma da wuya ka ji wanda ya ce ga takardar da ya karanta.

Wannan ita ce matsalar da ɗalibin kimiyyar siyasa ke cin karo da ita idan ya zo ajin ƙarshe, lokacin rubuta kundin kammala digiri. Ra'ayi ya yi yawa, hujja ta yi ƙaranci. Da dama kan tafi shagon kwamfuta su sayi tsohon furojet a sauya suna, wasu kuma yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke tambaya, waɗanda wani lokaci sukan ƙago sunan littafin da ba a taɓa bugawa ba.

Alhali kuwa takardun da za su raba gardama suna nan a Kaduna da Zariya da Kano da Sakkwato. Wasu ma suna cikin wayar da ke hannun ɗalibin.

A fara da abin da aka riga aka rubuta

Mai neman sanin abin da ya faru a 1963 ba daga tsofaffin fayil-fayil zai fara ba. Zai fara ne da littattafan da masana suka riga suka rubuta, don kada ya ɓata wata uku yana neman abin da wani ya gano tun shekaru hamsin da suka wuce.

Richard Sklar ya fitar da littafinsa kan jam'iyyun siyasar Najeriya a 1963. B.J. Dudley ya biyo baya a 1968 da nasa kan jam'iyyu da siyasar Arewa, sai C.S. Whitaker a 1970 da ya yi nazarin yadda sarauta da siyasar zamani suka cakuɗu. John Paden ya rubuta kan addini da siyasar Kano a 1973, sannan ya fitar da babban tarihin Sardauna a 1986.

A cikin irin waɗannan littattafai ne ɗalibi zai ga cewa gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani Bature, D.J.M. Muffett, ya binciki harkokin kuɗi na En'en Kano, kuma bayan binciken ne sarkin ya yi murabus. Zai kuma ga cewa magoya bayan sarkin sun kafa jam'iyyar KPP saboda fushin abin da aka yi.

'Yan gida ma sun yi nasu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya rubuta kan yadda ake amfani da addini don cimma burin siyasa, littafin da ya fito a 1987. Farfesa Alkasum Abba ya rubuta tarihin NEPU. Sardauna da kansa ya bar tarihin rayuwarsa a 1962, haka ma Alhaji Shehu Shagari da Alhaji Tanko Yakasai daga baya.

Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, na daga cikin manyan wuraren da ake samun irin waɗannan littattafai, tare da kundayen digiri na biyu da na uku da aka tara tun bayan kafa jami'ar a 1962. Dabarar da malamai ke yawan nanatawa ita ce, idan ka sami littafi mai kyau, ka juya ƙarshensa ka duba inda marubucin ya samo bayanansa. Nan ne taswirar take.

Kaduna: inda fayil-fayil ɗin mulki suke

Taswirar kuwa galibi Kaduna take nunawa. Hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa ta faro ne a Ibadan a 1954 bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, daga baya aka buɗe rassa a Inugu da Kaduna. Reshen Kaduna, da ke kan titin Yakubu Gowon, shi ke riƙe da takardun mulkin lardunan Arewa.

An kasa takardun ne bisa ofishin da ya samar da su. Waɗanda suka fito daga sakatariyar lardunan Arewa suna ɗauke da alamar SNP. Na lardin Kano KANOPROF, na Sakkwato SOKPROF, na Zariya ZARPROF. A ciki akwai rahotannin shekara-shekara na Razdan, da rahotannin ƙididdigar haraji da Di'o-Di'o suka rubuta gunduma-gunduma, da kasafin baitulmalin En'e, da wasiƙun da suka shafi naɗi da tuɓe hakimai.

Wanda ke son sanin dalilin da ya sa haraji da jangali suka zama abin yaƙin neman zaɓe, har gwamnonin PRP Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a 1979, a irin waɗannan fayil-fayil zai ga yadda ake karɓarsu da yadda talakawa ke kokawa.

Ba nisa daga nan akwai Gidan Arewa, a lamba 1 titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna kuma inda aka kashe shi a ranar 15 ga Janairu, 1966. An mayar da shi cibiyar bincike a 1970, Farfesa Abdullahi Smith ne daraktanta na farko, kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai laburare da ma'adanar takardu da rubuce-rubucen Larabci da Ajami, ga kuma wallafe-wallafen tsohuwar gwamnatin Arewa.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa da shi cikin waɗannan wallafe-wallafe shi ne kundin muhawarar majalisa, wanda ke ɗauke da abin da kowane ɗan majalisa ya faɗa a zauren Lugard Hall. Akwai kuma rahotannin kwamitocin bincike, irin na Willink na 1958 kan fargabar ƙananan ƙabilu, da na Mai Shari'a Anthony Aniagolu kan rikicin Maitatsine na Disambar 1980.

Kada a saurari ɓangare ɗaya

Sai dai akwai tarko. Takardar gwamnati idon gwamnati ce. Razdan da ya rubuta rahoto kan 'yan NEPU a shekarun 1950 yana kallon su ne a matsayin masu tayar da fitina, don aikinsa shi ne kare tsarin En'e. Wanda ya kwashe kalamansa ya zuba a kundi ba tare da tambaya ba, ya zama kakakin Razdan bayan shekara saba'in.

Haka abin yake ga jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, taska ce babba, musamman wasiƙun masu karatu. Amma jaridar hukuma ce. Haka Nigerian Citizen da New Nigerian da ta gaje ta a farkon 1966. Mai son jin ta bakin 'yan adawa sai ya nemi jaridu irin Daily Comet da ake bugawa a Kano, wadda ta ba NEPU fili.

Shi ya sa Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano yake da muhimmanci. Nan ne gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a ranar 17 ga Afrilu, 1983, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, mai laburare da ɗakin tarihi. Mai binciken NEPU, wadda aka kafa a ranar 8 ga Agusta, 1950, ko PRP da rabuwarta zuwa Santsi da Taɓo, bai kamata ya kammala aikinsa bai taka ƙafa can ba.

Akwai kuma muryar da ba ta shiga fayil ba. Yawancin magoya bayan jam'iyyun Jamhuriya ta Farko ba Turanci suke karantawa ba, ta waƙa saƙo ke isar musu. Waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja hujjoji ne na siyasa kamar kowace takarda, amma a sashen Hausa ake ajiye su, ɗalibin kimiyyar siyasa kuwa da wuya ya tsallaka can.

Siyasa ta girmi zuwan Turawa

Kwasa-kwasan falsafar siyasa kan fara da Aflaɗon da Aristotal su gangaro zuwa Hobbes da Locke. Ba laifi ba ne, amma ƙasar Hausa ma tana da nata rubutun kan mulki.

Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan haƙƙoƙin da ke wuyan mai mulki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi, inda ya soki zaluncin sarakunan zamaninsa, har da nau'o'in harajin da suke ɗora wa jama'a. Ƙaninsa Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkami a Kano, ɗansa Muhammadu Bello kuma ya rubuta Usulus Siyasa.

Ana samun kwafin irin waɗannan rubuce-rubuce a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Gidan Arewa, da ma kasuwannin littattafan addini. An fassara wasu zuwa Hausa da Turanci. Ɗalibin da ya yi karatun allo da na zaure yana da makamin da abokan karatunsa da yawa ba su da shi, ko da bai sani ba.

Abin da waya za ta iya kawowa

Ba kowa ke da kuɗin motar Kaduna ba. Amma akwai abin da ba ya buƙatar komai sai data.

Shafin AJOL na tattara mujallun ilimi da ake bugawa a Afirka, da yawansu ana sauke su kyauta. JSTOR na ba wanda ya yi rajista da kansa damar karanta wani adadi na maƙalu kowane wata ba tare da biya ba. Google Scholar kuma na nuna wa ya rubuta me, da waɗanda suka kafa hujja da shi daga baya, wanda hakan hanya ce mai sauƙi ta gane ko littafin da wata manhaja ta ambata akwai shi da gaske.

Ga mai son alƙaluma, Afrobarometer, wadda aka kafa a 1999, tana jin ra'ayin jama'a a Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka kan dimokuraɗiyya da cin hanci da amincewa da shugabanni, kuma tana sakin sakamakon kyauta. Hukumar zaɓe ta INEC ta fara ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna a shafinta na IReV tun 2020, abin da ke ba ɗalibi damar nazarin zaɓen mazaɓarsa rumfa-rumfa maimakon dogaro da jita-jita.

Shafin Archivi.ng na ɗora tsofaffin jaridun Najeriya a intanet. Babban laburaren Birtaniya, ta shirinsa na ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, ya ɗora hotunan wasu tsofaffin takardun Arewacin Najeriya da kowa zai iya dubawa. Ma'adanar gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan kuma tana da jerin sunayen fayil-fayil ɗinta a intanet, har da na mulkin mallaka da aka ɓoye shekara da shekaru sai daga 2012 aka fara sakin su.

Idan takardar da ake nema ta wannan zamani ce, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Ba kullum hukumomi ke bin ta ba, amma ko ƙin amsawar ma bayani ne da mai bincike zai iya rubutawa.

Kafin a kama hanya

Wanda zai je ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyi, ya tafi da takardar gabatarwa daga sashensa da katin shaidarsa, ya kuma yi tanadin kuɗin rajista. Ya tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da waya kafin ya ɗauka. Ya rubuta lambar kowane fayil da kwanan watansa nan take, don takardar da ba a san lambarta ba, ba ta zama hujja.

Sannan ya girmama ma'aikatan wurin. Wanda ya shekara ashirin yana ɗauko fayil yana mayarwa ya san abin da ba ya cikin kowane jerin sunaye.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Takarda ba ta jure zafi da ƙura da gara, wasu fayil-fayil ɗin kuwa sun haura shekara ɗari. Dattawan da suka ga siyasar NEPU da NPC da idonsu saura kaɗan, na PRP da NPN ma suna ta raguwa. Dokar babban laburaren ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku, gwamnatin jiha kwafi goma, ta tarayya kwafi 25, amma ƙasidun jam'iyyu da fastocin kamfe da saƙonnin murya da ake yaƙin neman zaɓe da su a yau, yawancinsu da an gama zaɓe suke ɓacewa.

Ɗalibin da ya zauna da wani tsohon ɗan siyasa a unguwarsu ya naɗi muryarsa, ko ya tattara fastocin zaɓen ƙaramar hukumarsa ya kai laburaren jami'a, ya ƙara wa taskar abin da babu shi a Kaduna ko Landan. Nan da shekara sittin, idan aka tashi gardama kan abin da ya faru a Kano a 2020 da 2024, abin da aka adana yau ne kaɗai za a samu a buɗe.