Jita mai walƙiya: kafin ku huda, ku ji wannan

Jama'a, kun taɓa ganin jitar lantarki tana walƙiya a hannun makaɗi? Ƙananan fitilun LED ne, irin na tocilar salula, ake dasawa a wuyanta. Ban da kwalliya, suna nuna wa makaɗi inda zai ɗora yatsa cikin duhu.

Kowace fitila volt 2 zuwa 3 take ci. In pil mai volt 9 ne, dole a sa rezistans mai rage wuta, ko ta ƙone. Masu ƙyaftawa kuma, in wayarsu ta kusanci maganaɗisun ɗaukar sauti, sai lasifika ta kama ƙara.

Shawararmu ga matasan makaɗa: ku fara da fitilun mannawa. Akwai sandar ƙarfe cikin wuyan jita, huda ɗaya a kuskure na iya ɓata abin neman abincinku.