Daga Ƙaro Zuwa Araldite: Wane Gam Ne Ke Riƙe Alƙalamin Katako?

Almajirin da ke zaune a tsangaya a ƙasar Kura ko Bunkure ya san abubuwa biyu game da kayan rubutunsa. Alƙalaminsa na gamba ne ko sillen kara, an fiƙe shi, ba a haɗa shi da komai ba. Tawadarsa kuwa ba ta zama a kan allo sai an sa mata ƙaro. Shi ƙaro, wanda mafi kyawunsa daga itacen ɗakwara yake tsatsowa, shi ne ke riƙe ƙurar gawayi a jikin allo idan ruwan tawada ya bushe. Da zarar an zuba ruwa sai ya narke, rubutu ya wanke, allo ya koma fes don sabon karatu. Wannan hali da ya sa ƙaro ya dace da tawada, shi ne kuma ya hana shi dacewa da wani irin alƙalami na daban.

Alƙalamin da ake nufi shi ne na katako wanda ake gurzawa da injin juyi, sana'ar hannu da ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila, wadda kuma ɗakin koyon kafinta na kowace sakandare mai irin wannan inji zai iya gwadawa. Ana yanko guntun itace mai tauri kamar maɗaci ko kanya ko ƙirya, a huda shi ta tsakiya, a zura siririn bututun tagulla mai faɗin kimanin milimita 7, a manne su. Daga nan a ɗora a inji a yi ta gurza har kaurin katakon da ya rage a wasu wurare bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. A cikin bututun ne ake cusa baki da maƙalli da ɓargon biro. Ke nan ƙarkon alƙalamin gaba ɗaya ya rataya ne a kan ɗan shafin gam da ido ba ya gani.

Matsalar tana cikin halittar itace. Bangon ƙwayoyin halittar itace an gina shi da zaren selulos, wanda ke shan laimar iska yana kumbura, yana kuma sakin ta yana tsukewa, ko da an shekara ashirin da sare bishiyar. Motsin ba a tsawo yake ba, a faɗi yake. A ƙasar Kano laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, ta haura kashi 70 a watan Agusta. Busasshen katako yakan bi sawu: ruwan da ke jikinsa ya tashi daga wajen kashi 5 cikin 100 na nauyinsa zuwa wajen kashi 15. Tagulla kuwa ba ruwanta da laima. Saboda haka kowace shekara katako na matse bututu da rani, ya sake shi da damina, gam kuma yana tsakani yana shan ja-in-ja. A yankin noman rani, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, alƙalamin da ke aljihun malamin gona yana gamuwa da zufa da danshin fadama ko a watan da garin Kano ke bushe ƙamas.

Gam iri-iri na gargajiya duk daga masu rai aka samo su, kuma sun yi wa ɗan Adam aiki dubban shekaru. Sitacin shinkafa idan ya dahu yana da danƙo ƙwarai, har magina a ƙasar Sin sun riƙa gauraya ruwan dafaffiyar shinkafa mai danƙo da farar ƙasa a zamanin daular Ming. Gam ɗin fata kuma kowa ya taɓa ganin mafarinsa: romon ganda ko na ƙafar sa da ya kwana ya daskare. Furotin ne mai suna kolajin, kuma asalin sunan daga kalmar Girkanci ce mai ma'anar gam. Amma duka ukun, ƙaro da sitaci da kolajin, da ruwa ake kwaɓa su, ruwa ne kuma ke kwance su. Bugu da ƙari abinci ne ga funfuna da kyankyaso. Farin gam na kafintoci ya fi su jure danshi, kuma wajen haɗa katako da katako ba a raina shi. Sai dai ba ya ƙarfi sai ruwansa ya shige cikin ƙofofin abin da aka manna, tagulla kuwa ba ta da ƙofofi.

Saura gam uku na zamani, waɗanda ba bushewa suke yi ba, daskarewa suke yi ta hanyar sauyin sinadari.

Na farko shi ne wanda ake sayarwa a ƙananan kwalabe da sunan Super Glue. Harry Coover ne ya ci karo da sinadarinsa a Amurka a 1942, kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi a 1958. Ɗan danshin da ke saman abu ne ke tayar da shi, ya kama cikin daƙiƙoƙi. Saurin nan shi ne farin jininsa, shi ne kuma aibinsa a wannan aiki, domin sau da yawa yakan cafke bututu yana rabin shiga, a yi asarar bututu da katako. Idan ya daskare yana da gautsi kamar gilashi, kuma mai ruwa-ruwan ba ya cike giɓi. Ramin da aka huda da hannu kuwa da wuya ya fito daidai. A kula: idan ya zuba da yawa a kan auduga yakan yi zafin da zai iya ƙona fata.

Na biyu shi ne foliyuretan, mai neman danshi kafin ya kama. Yana kumfa yana cike rami, amma kumfar ba ta da ƙarfi, kuma takan turo bututu waje idan ba a tokare shi ba. Da hunturu sai an ɗan jiƙa cikin ramin tukuna.

Na uku, ifoksi, shi ne ya fi cancanta. Mutane sun fi saninsa da sunan Araldite, wanda kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ya fitar a 1946. Tagwayen mazubai ne: ana matso kowanne daidai wa daida, a gauraya, ƙwayoyin sinadaran biyu su sarƙe da juna kamar raga. Tun da babu ruwan da zai fita, ba ya tsukewa sai kaɗan, yana cike giɓi, yana kama ƙarfe da katako baki ɗaya, kuma ba ya narkewa da damina. Akwai mai kamawa cikin minti 5, akwai mai neman kwana guda. Mai jinkirin ya fi ƙarko, ya kuma fi dacewa da ƙasar nan, domin zafi na gaggauta daskarewarsa: ƙarin digiri 10 kan rage lokacin aiki da kusan rabi. Abin da aka rubuta a jikin kwali an auna shi ne a ɗaki mai sanyi-sanyi, ba a rumfar kwano a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke kai digiri 40.

Ko ifoksi ma ba ya rufa asirin mai gaggawa. Dole katakon ya bushe sosai a inuwa kafin a huda shi, in ba haka ba hunturun farko zai tsaga shi a kan bututu. A goge bututun da samfefa har sheƙinsa ya dushe, kada kuma a sake taɓa shi da yatsa mai maiƙo. Don kada gam ya shiga ciki, masu sana'ar sukan danna bakin bututu a kan yankakken dankali ya toshe shi. A shafa gam a bututu da cikin rami, a zura ana murzawa, a bar shi ya kwana. Wajen gurza kuma a yi aiki da kaifin ƙarfe, domin dakusasshe yana haifar da zafi, zafi kuwa yana sassauta ifoksi.

Malamin da ke son ɗalibai su gani da idonsu ba ya buƙatar inji. Guntayen katako shida da bututu shida sun isa, kowanne da irin gam nasa. Bayan mako guda a kwanar da su cikin jiƙaƙƙen tsumma, a shanya su a rana, a maimaita sau biyar, sannan a sa kowane ɗalibi ya gwada turo bututun da ƙusa, ya rubuta abin da ya gani.