Kunnen Yaro Mai Zubar da Ruwa: Kada a Yi Sakaci

Ya ku iyaye, musamman na Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su, a gidaje da yawa idan kunnen yaro ya fara zubar da mugunya sai a ce na haƙori ne, zai wuce. Ba haka ba ne. Wannan ciwo yana cikin manyan abubuwan da ke kurmantar da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara ana iya kauce masa.

Yadda ciwon yake farawa

Akwai 'yar siririyar hanya da ta haɗa maƙogwaro da cikin kunne. Idan yaro ya yi mura, kamar yadda ake yawan yi lokacin hunturu, ƙwayoyin cuta kan bi ta nan su taru a bayan dodon kunne. Sai zazzaɓi, da kukan dare, da yawan jan kunne. Idan mugunya ta huda dodon kunne zafin yakan ragu, uwa ta ɗauka an samu sauƙi, alhali ɓarna ce ta fara. Ƙyanda da sanƙarau da shawarar jarirai mai tsanani su ma suna kashe ji.

Abin da za ku yi

Ku kai yaro asibiti tun ranar farko, ku kuma ba shi maganin har ya ƙare. Ku murza tsumma mai tsabta ku tsane ruwan sau 3 a rana. Kada ku ɗiga manja ko ruwan albasa ko wani jiƙo. Kada ku sosa da tsinken ashana ko gashin kaza. Mai ruwan kunne kada ya yi wanka a kududdufi da damina. Da kaka kuma, idan ƙwayar wake ko dawa ta shige kunne, kada ku zuba ruwa, domin kumbura za ta yi. Ku bar wa ma'aikacin lafiya ya cire. Ku tabbatar an yi wa jariri allurar ƙyanda da ta sanƙarau a wata 9.

Alamomin da ba a jira

Kumburi mai zafi a bayan kunne, ko sanƙarewar wuya, ko ruwan da ya kai kwana 14 yana zuba. Haka kuma jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko ɗan wata 6 da ba ya waiwayo idan an kira shi, ko ɗan shekara 2 da bai fara haɗa kalmomi ba. Ku je Babban Asibitin Rano ko asibitin da ya fi kusa. Idan da buƙata za a turo ku sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Yaron da malami ke cewa ba ya jin magana, a duba kunnensa kafin a ɗauki bulala. Allah Ya raya mana zuri'a.