Wutar Nukiliya Ko Ta Rana, Wacce Za Ta Riga Isowa Damba?

Duk wanda ke zaune a Damba, ko cikin garin Gusau, ko Tsafe da Bunguɗu, ba ya bukatar a gaya masa halin da wutar lantarki ke ciki. Mai injin niƙa ya sani, mai walda ya sani, matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo sun fi kowa sani. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, majami'u da yawa sai sun yi lissafi kafin su tada janareta domin sujadar Lahadi. Shi ya sa idan muka ji manya a Abuja suna zancen tashar nukiliya, wasu kuma suna cewa a'a, hasken rana ya ishe mu, bai kamata mu ɗauka zancen 'yan boko ne kaɗai ba.

Bari mu fara ba nukiliya haƙƙinta. Yadda take aiki ba sihiri ba ne. Akwai wani ma'adini da ake kira yuraniyom. Idan aka farfasa ƙwayoyin zarrarsa a cikin wata katafariyar tukunya, sai ya ba da zafi mai tsanani, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke haifar da wuta. Ba hayaƙi, ba ruwanta da dare ko rana, damina ko rani. Idan aka zuba mata makamashi sau ɗaya takan yi shekara ɗaya da rabi tana aiki, tashar kuma takan kai shekara 60. Faransa na samun wajen kashi biyu cikin uku na wutarta ta wannan hanya. Ga gari irin Gusau, da ya ga masaƙarsa ta rufe, irin wannan wuta mara yankewa ita ce masana'antu ke nema. Wannan gaskiya ce, kada mu ɓoye ta.

Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce a fagen. Tun 1976 aka kafa dokar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa. A nan kusa da mu, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya da aka samo daga Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Sai dai ba ta ba kowa wuta, ta bincike ce, ana gwada ƙasa da ma'adinai da abinci da ita. A 2017 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina tashoshi. An sa hannu, an yi hotuna, tasha dai ba ta tashi ba.

To, ina gizo ke saƙa? Da fari kuɗi. Masar ta fara gina tata a El Daba'a a 2022, tukwane huɗu, megawat 4,800, a kan kimanin dala biliyan 30, mafi yawansu bashi ne daga Rasha. Kafin wannan, duk faɗin Afirka tasha ɗaya ce rak ke ba da wuta, wato Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984. Sa'an nan akwai abin da masu jawabi ba su cika faɗa ba. Wutar da ake rarrabawa a duk Nijeriya takan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Tukunya ɗaya irin ta Masar megawat 1,200 ce, wato wajen rubu'in wutar ƙasa ke nan. Masana sun ce bai kamata inji guda ya wuce kashi 10 cikin 100 na wutar da ke kan layi ba, gama ran da ya tsaya, sai ya ja sauran duka su faɗi. Layinmu kuwa ko ba a taɓa shi ba yakan faɗi sau da dama a shekara.

Mu ɗauka ma an gina ta a Geregu. Ta ina wutar za ta biyo ta zo Damba? Ta kan waya, daga Kaduna zuwa Zariya, zuwa Funtuwa, ta ratsa ƙasar Tsafe, inda kowa ya san halin da hanya ke ciki. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. A kwanakin nan akwai ruwa a Kainji da Shiroro, injuna ma lafiyarsu ƙalau. Waya ce babu. Wanda ke da faifan sola a kan rufinsa shi ne ya yi ta cajin wayoyin maƙwabta.

Maƙwabtanmu na Nijar ma abin dubawa ne. Tun 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit, aka yi shekaru ana kai wa Turai, amma mafi yawan wutar da Yamai da Maraɗi ke sha a wancan lokaci daga Nijeriya ake sayo ta, har aka yanke musu ita a Agustan 2023 bayan juyin mulki. Mallakar ma'adini daban, ganin haske a ɗaki daban.

Game da haɗari, mutane kan ambaci Carnobil a 1986 da Fukushima ta Japan a 2011. Irin waɗannan ba su cika faruwa ba, in an yi adalci. Abin da ya fi damun mu shi ne sharar da tukunya ke bari, wadda sai an tsare ta dubban shekaru. Mu a Zamfara mun san abin da sakaci da guba ke yi. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙasar da ta sha wuya kafin ta kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga Bagega, sai ta yi tunani sosai kafin ta ɗauko abin da ya fi dalma.

Rana kuwa Allah ya hore mana ita har muna kuka da ita a bazara. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a kasuwar duniya. Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, aka kuma buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023. Babban amfaninta shi ne ana iya farawa da kaɗan. Rijiyar burtsatse guda, firjin allurar rigakafi a ƙaramin asibiti, fitilu a ɗakin haihuwa, duka ba sa jiran waya daga Kaduna. Famfon ruwa ma ba ya bukatar batir, a cika tanki da rana a sha da dare. Ikkilisiyar da ta iya tara baiko ta yi rufin kwano za ta iya wannan.

Amma kada mu yi mata yabon ɗan kuturu. Rana na faɗuwa. Ƙurar hunturu na rufe faifai, in ba a goge ba wuta ta ragu. Sola ta gida ba za ta tada masaƙa ba. Manyan ayyukan gwamnati na wannan fanni su ma suna da nasu tarihin: injunan iska na Lambar Rimi a Katsina, masu megawat 10, an faro maganarsu tun 2005, suka shafe shekaru fiye da goma ba a gama ba. Su ma fitilun kan titi da ake kafawa gab da zaɓe, je ka ƙirga nawa ke ci bayan damina biyu.

Sai kuma batir, wanda shi ne ke cin kuɗi, shi ne kuma ke saurin mutuwa. Mai araha da yawancinmu ke saya, dalma ce a cikinsa, ita dai dalmar nan ta Bagega. Idan ya mutu bayan shekara biyu ko uku, 'yan gwangwan kan saye shi, a fasa, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narkar da dalmar a bayan gida inda yara ke wasa. Dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata da ke shirin sayen sola, ku tambayi mai sayarwa tun kafin ku biya: wane irin batir ne, shekara nawa zai yi, wa zai gyara in ya lalace, wa kuma zai karɓi tsohon.

A ganinmu, nukiliya magana ce ta jikokinmu, in an gyara layi, an samu tsaro, an horar da ma'aikata. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya tasu harkar wuta ba tare da jiran Abuja ba. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978, an gina ta da ƙaramin injin wuta mai megawat 3. Idan 'yan majalisarmu na jiha suka zo gaisuwa, mu tambaye su labarin wannan injin, da kuma asibitoci nawa ne a Tsafe da Bunguɗu ke karɓar haihuwa da tocila.