Lissafi da Ka: Tsakanin Kasuwar Makarfi da Ajin Ƙaramar Sakandare

Duk wanda ya san kasuwar rake ta Makarfi, ko wuraren cinikin tumatir na Ikara, ko lambunan rani na Hunkuyi da kewayen Kudan, ya san irin yaran da ake samu a wurin. Ɗan shekara 13 ne, yana taya mahaifinsa ko yayansa ciniki, kuma kafin mai saye ya ciro waya daga aljihu, shi ya riga ya faɗi kuɗin kaya har da canji. Washegari wannan yaron zai zauna a aji biyu na ƙaramar sakandare, a rubuta masa 17 × 8,500 a allo, ya yi zuru. Wani ma har ya ɗauka a ransa cewa shi ba shi da kan lissafi.

Yana da shi. A ce kwandon tumatir naira 8,500 ne, an ɗauki kwando 17. Ga yadda yake yi a kasuwa: kwando 10, dubu 85; kwando 7 a kan dubu takwas-takwas, dubu 56; ragowar ɗari biyar-biyar ɗin nan guda 7, dubu 3 da ɗari 5; a haɗa, 144,500. Wani kuma ta sama zai ɓullo: kwando 20 dubu 170 ne, a cire kuɗin kwando 3, wato 25,500, a dawo kan 144,500. Abin da yaron ya yi shi ne ainihin ƙa'idar da littafin aji ke rubutawa a(b + c) = ab + ac, wadda rabin aljabara ke tsaye a kanta. Ya iya ta tun kafin a faɗa masa, sai dai babu wanda ya taɓa nuna masa cewa abu ɗaya ne.

Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun wallafa gwajin da suka yi wa yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Brazil. Lissafin da yaran suka yi daidai a bakin ciniki, da aka ba su shi a takarda sai suka riƙa kuskure. A 2025 mujallar Nature ta buga wani bincike na Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu, kan yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. Sun tarar da abin ta fuska biyu: yaran kasuwa gwanaye ne a ciniki amma suna kasawa a lissafin takarda, 'yan makarantar da ba su taɓa ciniki ba kuwa sun iya na takarda amma suna rikicewa idan aka sa su a gaban mai saye. Kenan ilimin ba ya tsallakawa da kansa daga wannan wuri zuwa wancan. Sai malami ya tsallakar da shi, kuma wannan ne aikin shekara ukun ƙaramar sakandare.

To ina kalkuleta a cikin zancen? Yau tana cikin kowace waya, har ƙaramar wayar da ba ta hawa intanet. Iyaye da yawa na tambaya, kuma tambayarsu tana da hujja: me ya sa za a wahalar da yaro da abin da na'ura ke yi cikin ƙiftawar ido? Hukumar WAEC ta yarda a shiga jarrabawar ƙarshen sakandare da kalkuleta irin wadda ba a ajiye bayanai a cikinta, JAMB ma ta sa ta a fuskar kwamfutar da ake jarrabawa da ita. Ni ma ban ce a hana ɗan babbar sakandare ita ba. Magana ce ta lokaci. Tsakanin shekara 12 zuwa 15 ne yaro ke shiga zurfin kaso cikin ɗari, da lambobin ƙasa da sifili, da aljabara, kuma duk waɗannan suna bukatar ƙananan lissafi su zauna daram a ka.

Dalilin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda yana jujjuya su ba su da yawa, tsakanin 4 zuwa 7 ne. Ɗauki 7x + 9 = 65. Yaron da ya san 56 bakwai-bakwai ne sau 8, hankalinsa gaba ɗaya yana kan sabon abin da ake koya masa, wato me ya sa ake cire 9 daga kowane ɓangare. Wanda sai ya tsaya ƙirga da yatsu ko neman maɓalli, kafin ya dawo ya manta inda aka kwana. Ba daƙiƙi ba ne, kaya ne suka yi wa kansa yawa.

Dalili na biyu ya fi shafar aljihu. Kalkuleta ba ta kuskure, amma yatsa yana yi, ita kuwa ba za ta ce maka komai ba. Wanda ya danna 850 a maimakon 8,500 zai ga 14,450, kuma in bai saba kintace da ka ba, zai karɓa. Wanda ya saba, nan take zai ce kwando 10 kaɗai ma sun wuce dubu 80, ina wannan ta fito? Manomin da ya san buhun takin yuriya mai kilo 50, wanda aka rubuta 46% a jikinsa, kilo 23 na sinadarin naitirojin ke ciki, shi kuwa buhun NPK 15-15-15 kilo 7 da rabi ne, ya san abin da yake saye. Haka wajen auna maganin feshi a tanki, inda kuskuren ɗigo ɗaya kan ƙona shuka ko ya sa a zubar da kuɗi a banza. Shi ya sa ƙasashen da ba su rasa na'ura ba suke komawa baya kaɗan: Ingila ta cire kalkuleta daga jarrabawar ƙarshen firamare tun 2014, kuma a jarrabawarsu ta 'yan shekara 16 takardar lissafi ɗaya cikin uku ba a taɓa kalkuleta a cikinta.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne lissafin kashi-kashi, domin a nan ne yara suka fi zubewa, alhali a nan ne muka fi kowa gado. A ba yaro 1/8 + 1/6, da yawa za su rubuta 2/14. A ba shi kalkuleta, ta nuna masa 0.291666, lambar da ba ta gaya masa komai. Amma a kowane gari na ƙasar Zazzau akwai malamin da ke raba gado, kuma wannan lissafin ne abincinsa. Mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, bayan an biya bashi da wasiyya saura naira miliyan 2 da dubu 400. Mata tana da sumuni, wato 1/8, uwa tana da sudusi, wato 1/6. Malam zai ce asalin mas'ala 24 ne, domin ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 duk suke shiga ba saura. Mata kashi 3, naira 300,000. Uwa kashi 4, naira 400,000. Saura kashi 17, naira 1,700,000, a raba biyar: 'ya mace 340,000, kowane namiji 680,000. Abin da manhajar aji ɗaya ke koyarwa kenan da Turanci, yaro yana haddacewa ba tare da ya san ya sha ganin ana yin sa a zauren unguwarsu ba. Littafin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda aljabara ta samo sunanta daga gare shi, babban ɓangarensa a kan gado da wasiyya yake. A nan kusa kuwa, Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan jadawalin lambobi da kowane layi nasa ke ba da jimilla iri ɗaya. Zakka ma haka: buhu 40 na masarar damina, a fitar da ɗaya cikin goma, buhu 4, in da injin ban-ruwa aka noma hatsin, ɗaya cikin ashirin, buhu 2. Ga 10% da 5% nan a gabanmu.

Kakannin waɗannan yara ma, kafin naira ta zo a 1 ga Janairun 1973, da fam da sule da kwabo suke ciniki, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, kuma da ka suke yi.

Kada a fahimce ni da cewa a koma rera jadawalin sau da bulala a hannu. Tsoro shi ne babban abin da ke kore lissafi daga kan yaro. Jadawalin ma bai kai yadda ake tsoratar da su ba. Daga 1 zuwa 10 gida 100 ne, amma tunda 6 × 7 da 7 × 6 abu ɗaya ne, sun koma 55. A cire na 1 da na 10 da na 2 da na 5, waɗanda kowane ɗan talla ya sani, saura 21. Guda 21 ɗin nan zango ɗaya ya isa, in ana ba su minti goma a farkon kowane darasi. Malam ya faɗi tambaya, kowa ya rubuta amsa a takarda ya ɗaga sama, sannan ya kira mutum biyu ko uku ya ce, "Ke Hauwa, ta yaya kika samu? Kai Sani, kai fa?" Hanyoyin za su bambanta, kuma a wannan bambancin darasin yake. Yarinyar da ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashi ko kuɗin ƙuli-ƙuli, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, a nan za a ji muryarta. Kuma in bayanin ya fi fito mata da Hausa, a bar ta ta yi da Hausa, daga baya a rubuta shi da alamomin littafi.

Duk wannan ya rataya ne a wuyan malami, kuma jihar Kaduna ta san zafin batun. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki a farkon 2018. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a wancan rikici, yaran da suka yi firamare a shekarun da suka biyo baya su ne ke ƙaramar sakandare a yau, kuma malamin aji ɗaya ba zai ɗauka cewa sun zo da jadawalin a kansu ba. Ya gwada su a makon farko, ya san waye ke buƙatar komawa kan tarawa da ɗebewa kafin a je ga x. Masu shirya wa malamai bita a Ikara da Makarfi da Kudan kuma su ware rana guda a kan wannan kaɗai, su gayyato dillalin tumatir da malamin rabon gado, kowa ya yi lissafinsa da baki a gaban malaman, su kuma su rubuta shi a allo mataki-mataki yadda za su koya wa yara.